Kututturen da Bai Mutu Ba: Tarihin Sassabin Zamani a Ƙasar Maraɗi da Damagaram

Wanda ya bi hanyar Maraɗi zuwa Damagaram da rani, ta Agye da Tasawa, zai ga gonakin gero cike da itatuwa: gawo ya yi kore shar a lokacin da komai ya bushe, ga kalgo, ga aduwa, ga magarya nan da can. Baƙo sai ya ɗauka haka ƙasar take tun fil azal, ko kuma wata gwamnati ce ta dasa su. Amma dattawan waɗannan ƙauyuka suna tuna lokacin da mutum kan tsaya a gonarsa ya hango rumbunan ƙauye na gaba, ba abin da ya tare masa gani sai ƙura. Kuma akasarin itatuwan nan ba hannun da ya dasa su. Tsiro ne daga tsofaffin kututture da saiwoyi da suka daɗe a ƙarƙashin ƙasa, manomi yana sare su duk bazara, har ranar da ya daina.

Kafin zuwan Faransa

Bayan da masu jihadi suka ci Katsina a 1807, sarakunan Haɓe suka yi arewa, har suka kafa zamansu a Maraɗi wajen 1819 a ƙarƙashin Ɗan Kasawa. Gobirawa kuma, bayan yaƙin Gawakuke na 1836, suka zauna a Tsibiri, kusa da su. Kusan duk wancan ƙarni yaƙi ake yi da daular Sakkwato, hari ya je hari ya dawo. Saboda haka talaka bai iya yin nisa da gari mai ganuwa ba. Jama'a ta taru a kwarin Gulbin Maraɗi, daji kuwa ya zauna da faɗinsa, na maharba da makiyaya.

Noman wancan zamani bai yi gaba da itace ba. Mutum ya sari daji, ya ƙone, ya bar kuka da tsamiya da ɗorawa da kanya tsaye, don kowanne da amfaninsa a tukunya ko a magani. Ya noma wurin shekaru kaɗan, in ƙasa ta gaji ya bar ta saura, ya matsa gaba. Abin lura a nan, wanda duk tarihin nan ya rataya a kansa, shi ne hauya ba ta bukatar a tumɓuke kututture. Ana sare itace ne daga sama, saiwa tana nan da ranta. Da an bar gona ta huta, sai daji ya tashi daga inda ya kwanta. A wajen Anna, Hausawan da suka riƙe addinin gargajiya, an kuma ce wasu manyan itatuwa, musamman tsamiya da kuka, mazaunin iskoki ne, ba mai kai musu gatari haka kawai.

A gabas, Damagaram ta kai ƙololuwar ƙarfinta a zamanin Sarki Tanimu, wanda ya yi doguwar sarautarsa daga 1851 zuwa 1884. Abin da tarihi ya tabbatar shi ne ya ƙarfafa ganuwar birni, ya sa an ƙera manyan bindigogi, fatake kuma suna kai da komo tsakanin birninsa da Tarabulus. Abin da baki ya riƙe kuwa, ana cewa ya kafa doka a kan gawo: wanda ya sare shi a sare kansa, wanda ya sassare rassansa a yanke masa hannu. Wannan labarin kaka da kakanni ne. Amma ko da an ƙara masa gishiri, ya nuna matsayin da gawo yake da shi a idon mutanen ƙasar.

Kuma sun san abin da suke yi. Gawo ya saɓa wa sauran itatuwa: da damina, lokacin da kowa ke fitar da ganye, shi zubar da nasa yake yi. Don haka ba ya tare wa gero rana, ganyen da ya zubar kuma ya zama taki daidai lokacin da shuka ke nema. Da rani ya yi kore, dabbobi su taru a inuwarsa suna cin 'ya'yansa, su bar kashinsu a gindin. Duk wanda ya taɓa shiga gona a watan Agusta ya ga yadda geron gindin gawo kan fi na fili tsawo da duhun ganye, kamar an zana masa da'ira.

1899 zuwa 1960: ranar da itace ya zama na gwamnati

Sojojin Faransa sun shiga Damagaram a 1899, Nijar kuma ta zama cikakkiyar ƙasar mallaka a 1922. A tsakani aka yi yunwar 1913 zuwa 1914, wadda Hausawa suka sa wa suna Kakalaba. Da hare-hare suka ƙare, mutane suka fita daga bayan ganuwa suka bazu cikin daji, ana ta kafa sababbin ƙauyuka da tungaye zuwa arewa. Haraji kuma ya koma na kuɗi, kuɗi kuwa a gyaɗa yake. Jirgin ƙasa ya riga ya iso Kano, gyaɗar Maraɗi da Damagaram ta samu hanyar teku ta nan. Gona ta yi ta faɗi, saura ta yi ta ƙanƙancewa.

Turawa sun ga daji yana raguwa, suka kuma yanke cewa manomi ne mai laifi. Wani masanin daji ɗan Ingila, E. P. Stebbing, ya zaga arewacin Najeriya da kudancin Nijar, ya yi shela a 1935 cewa Sahara tana tahowa. Hukumar haɗin gwiwa ta Ingila da Faransa da ta bi iyakar a 1936 da 1937 ba ta ga shaidar wannan kwararowa ba, amma tsoron ya riga ya shiga ofis. A ranar 4 ga Yuli 1935 Faransa ta kafa dokar daji ga dukkan ƙasashenta na Afirka ta Yamma. Aka keɓe gandun daji, aka jera itatuwan da ba a taɓawa sai da izini, aka ɗauki ma'aikata masu kaki da ikon cin tara.

A takarda, doka ce ta kare itace. A gona kuwa ga yadda ta kasance. Gawo ya tsiro a gonarka, a ƙasar da ubanka ya sara. Ka bar shi ya girma, ya zama ba naka ba. In ka datse reshe don gyaran rumbu, tara. In wani ya zo da dare ya sare, kai za a tambaya, don a gonarka aka ga kututturen. To wane mai hankali ne zai rena abin da zai jawo masa sammaci? Sai manomi ya koyi kashe tsiron tun yana ƙarami, kafin idon ma'aikaci ya gan shi a matsayin itace. A ganina babu wata guguwa ko fari da ta yi wa itatuwan ƙasar nan ɓarnar da wannan lissafi ya yi, domin shi kowace shekara ake yin sa, a kowace gona, da hannun mai gonar.

1960 zuwa 1974: gona fes

'Yancin kai bai sauya wannan ba. Gwamnatin Diori Hamani ta dogara da gyaɗa, ta kafa kamfanin SONARA a 1962 don sayenta. Malaman gona suka zo da garmar shanu da takin zamani, garma kuwa ba ta shiri da kututture. Aka koya wa mutane cewa manomin kirki shi ne mai gona fes, wadda ba ko ɗan tsiro a cikinta. Wanda ya bar sabara ta yi tsawo a gonarsa, rago ne. Daminar shekarun 1950 da farkon 1960 ta yi albarka, noma ya yi ta hawa arewa cikin ƙasar kiwo, har gwamnati ta shata masa iyaka da doka a 1961, mutane kuma suka tsallake ta.

Sai fari ya zo daga 1968, ya kai maƙura a 1973. Dabbobi suka faɗi garke-garke, rijiyoyi suka ƙafe, itatuwan da suka rage wasu suka bushe a tsaye, wasu aka sare aka kai gari don a sayi hatsi. A watan Maris 1974 aka sabunta dokar daji, ta jera gawo, kuka, tsamiya, ɗorawa, giginya, goriba, kaɗanya, aduwa da wasu cikin itatuwan da gwamnati ke karewa. Wato an ƙara ɗaure igiyar da ta shaƙe su. Wata guda bayan haka, ranar 15 ga Afrilu, Seyni Kountché ya kifar da Diori, yunwa na cikin dalilan da ya bayar.

1975 zuwa 1983: shekarun dashe

Sabuwar gwamnati da masu ba da agaji suka ce magani shi ne a dasa. Daga 1975 ranar 3 ga Agusta, ranar 'yancin kai, ta zama ranar dashen itace. Aka buɗe wuraren renon iri, aka kawo bedi, wanda mutanen Kano ke kira darbejiya, da itacen turare, aka kewaye filaye da waya aka ce dajin ƙauye ne. Ba za a ce duk a banza ba. A kwarin Majiya, cikin ƙasar Tawa, ƙungiyar CARE ta fara jera layukan bedi masu tare iska a 1975, sun kuma kama. Amma a yawancin wurare, ɗan itacen da aka rena cikin leda ba ya da saiwar da za ta kai shi ƙarshen rani na fari. Akuya ta ci, gara ta ci, rairayi ya binne. Wanda ya tsira kuma na wa ne? Na kowa, wato ba na kowa ba.

Halin da gonaki suka shiga a lokacin sai wanda ya gani. Ruwan fari ya sauka, a fita shuka da murna, gero ya fito kamar allura. Kwana biyu sai iska ta taso daga gabas, ba abin da zai karya ƙarfinta, ta kwaso rairayi ta yanke tsiron ko ta binne shi. A sake shuka. Wani lokaci sau uku, sau huɗu, iri ya ƙare a rumbu, damina kuma ta yi nisa. Mace ta fita neman itacen girki tun hantsi, ta dawo da azahar da ɗan abin da bai kai kwana biyu ba. Da itace ya gagara sai aka koma ƙona kara da kashin shanu, abubuwan da ya kamata su ruɓe a gona. Ƙasa ta rasa abincinta, wurare da yawa suka zama fako, ruwa ya sauka ya gudu bai shiga ba.

1983 zuwa 1985: tsiron sabara da El Buhari

A farkon shekarun 1980 wani matashi masanin noma ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, ya zo Maraɗi aiki da mishan ɗin SIM. Shi ma dashe ya zo yi, shi ma ya ga yawancin abin da ya dasa yana mutuwa. Kamar yadda shi da kansa yake ba da labari, wata rana a 1983 yana ɗauke da irin itace zuwa ƙauye, ya tsaya rage iskar taya don motar ta iya rairayi. Idonsa ya faɗa kan ɗaya daga cikin 'yan kurmin nan da ke ko'ina a gonaki, waɗanda ya saba ɗauka ciyayi ne marasa amfani. Ya matsa ya duba ganyen, sai ya gane itace ne da aka sare, yana ƙoƙarin dawowa. Ya ɗaga kai ya ga irinsu ba iyaka. Daji ne sukutum a ƙarƙashin ƙasa, saiwoyinsa sun riga sun kai ga laima.

Dabarar da ta fito daga nan ba ta bukatar ko sisi. Kututturen kalgo ko sabara kan fitar da tsiro ashirin ko fiye, duk suna rabon abinci ɗaya, ba wanda ke girma. Lokacin sassabe, maimakon a share duka, sai a zaɓi mafi ƙarfi da miƙewa, ɗaya zuwa biyar, a sare sauran. A ɗauki lauje ko adda mai kaifi a datse ƙananan rassan ƙasa, ana yankawa daga ƙasa zuwa sama don kada ɓawon ya yage. Shi ke nan. Saiwar da ta shekara talatin tana jira sai ta tura duk ƙarfinta cikin waɗannan 'yan sanduna, cikin shekara biyu ko uku su wuce tsawon mutum. Mutanen Maraɗi suka sa wa abin suna sassabin zamani.

Manoma kaɗan ne suka yarda da fari, aka kuma yi musu dariya. Wasu aka bi dare aka sare musu. Tsoron da ake ji ba na wauta ba ne: inuwa za ta hana gero, tsuntsaye za su samu masauki, ga kuma tara.

Sai daminar 1984 ta ƙi. Najeriya kuma, a ƙarƙashin Janar Muhammadu Buhari, ta rufe iyakokinta a watan Afrilu na shekarar, hanyar hatsi da ta ci-rani ta toshe, har mutanen yankin suka sa wa yunwar suna El Buhari. A watan Mayu na wannan shekara gwamnati ta kira babban taro a Maraɗi kan kwararowar hamada, inda aka amsa cewa aikin ba zai yiwu ba sai da jama'a. Shirin da Rinaudo ke ciki ya shiga rabon abinci a ƙauyuka kusan ɗari, da sharaɗin duk mai karɓa ya bar tsiro a gonarsa. Jami'an daji na Maraɗi kuma suka yarda su sassauta, manomi ya amfana da abin da ya rena. Aka bar itatuwa wajen dubu 500.

Da yunwa ta wuce, rabon abinci ya tsaya, kimanin kashi biyu cikin uku na itatuwan nan aka sare su. Wanda ya tsaya a nan zai ce aikin ya rushe. Amma dubban mutane sun riga sun ga abu da idonsu: gero bai mutu a gindin kalgo ba, iska ta tara rairayi mai laushi da ganye a wurin maimakon ta kwashe, ga kuma itacen girki a bakin gona. Gani ya kori ji. Waɗanda suka bar nasu suka fara sayar da itace da sandunan rufi, maƙwabta suna kallo.

1987 zuwa 2004: da gwamnati ta ja baya

Bai kamata a mayar da wannan tarihi labarin Bature guda ba, shi ma bai ce haka ba. A kudancin Damagaram, a Magarya da Matamai da Mirya, inda jama'a ta fi yawa kuma saura ta ƙare tuni, manoma sun koma renon gawo da kansu, da tsohuwar zuma suka yi magani. 'Yan ci-rani da 'yan kasuwa suka ɗauki labari daga kasuwa zuwa kasuwa. Abin da ya buɗe wa kowa ƙofa kuwa shi ne raunin hukuma. Kuɗin yuraniyom ya faɗi, Kountché ya rasu a 1987, aka yi taron ƙasa na 1991, baitulmali ya bushe, ma'aikatan daji suka rage shiga ƙauye. Manomi ya fara ɗaukar itacen gonarsa nasa ne tun kafin doka ta faɗa. Dokar karkara ta 1993 ta amince da haƙƙin gado a kan gona. Karyewar darajar sefa a Janairu 1994 ta sa takin zamani ya fi ƙarfin talaka, gawo ya ƙara daraja. Damina ma ta ɗan gyaru bayan shekarun 1980, ta taimaka.

A ƙasar Tawa, inda fako ya fi yawa kuma kututturen ma ya mutu a wurare, wata hanya aka bi. Aikin Keita, da kuɗin Italiya, ya fara a 1984. A 1989 wasu manoman Ilela suka je Yatenga a Burkina Faso, ƙasar wani manomi mai suna Yacouba Sawadogo, suka ga ramukan shuka da ake haƙawa da rani a zuba taki. Suka dawo suka yi, suna kiransu tassa. Ruwa ya tsaya a ramin, gara ta huda ƙasa, gero ya fito a inda aka fid da rai, irin itacen da ke cikin kashin dabbobi ma ya tsiro. Fako da ba mai so kyauta ya zama abin saye da sayarwa.

Itace da ya yi daraja sai ya samu ɓarawo, ya kuma samu rigima. Makiyayi yana bukatar reshen gawo da bazara, gonaki sun cinye burtali, kuma ƙasar Maraɗi ba ta manta Toda ba, inda aka kashe mutum fiye da ɗari, akasarinsu Fulani, a 1991. Shi ya sa abin da aka yi a Ɗan Saga, cikin ƙasar Agye, ya fi burge ni a duk tarihin nan. Mutanen ƙauyen suka kafa kwamitin tsaro, da maza da mata, suka jawo makiyaya ciki, suka tsara wa kansu ƙa'idar sara da tarar wanda ya karya, ƙauyukan kewaye suka yi koyi. Tara ce dai, irin wadda ta kashe itace a hannun ma'aikaci, amma a hannun masu gona sai ta raya shi. Dokar daji ta 2004 ta zo ta tarar da aiki ya yi nisa.

2004 zuwa yau

Abin mamaki, duniya ba ta sani ba, har Yamai ba ta san girman abin ba, domin ma'aikatu itacen da aka dasa suke ƙirgawa. Sai daga 2004 masu bincike, cikinsu akwai Chris Reij ɗan Holan, Mahamane Larwanou ɗan Nijar da Gray Tappan ɗan Amurka, suka gwada hotunan sama na 1975 da na tauraron ɗan'adam na sabon ƙarni. Ƙiyasinsu shi ne hekta wajen miliyan 5 sun farfaɗo, da itatuwa kimanin miliyan 200, da ƙarin hatsi wajen tan dubu 500 a shekara. Ƙiyasi ne, ana iya jayayya a kan adadin, amma hotunan ba su da jayayya. Kuma sun nuna itatuwan sun fi yawa a gonaki, inda mutane suka fi cunkoso, alhali jama'ar Nijar ta tashi daga miliyan 5 a ƙidayar 1977 zuwa miliyan 17 a ta 2012. Da ruwan sama ne kaɗai, da dajin da ba kowa ya fi gona kore.

Itace bai kori yunwa ba. Fara da fari na 2004 sun jawo wahalar 2005, kuma Maraɗi na cikin inda yara suka fi jin jiki. Sai dai gidan da ke da itace ya samu abin kai wa kasuwa, ganyen kuka da 'ya'yan aduwa sun shiga tukunya, akuya ta samu abin ci har ruwa ya sauka.

Daga nan dabarar ta fita waje: Humbo a Habasha daga 2006, Talensi a arewacin Gana daga 2009. A 2018 Rinaudo da Yacouba Sawadogo suka karɓi lambar yabo ta Right Livelihood. A ranar 30 ga Yuli 2020, zamanin Shugaba Issoufou Mahamadou, gwamnatin Nijar ta fitar da doka ta musamman da ta amince manomi yana da haƙƙi a kan itacen da ya rena a gonarsa. Shekaru 85 ke nan cif bayan dokar Yulin 1935.

Aikin bai ƙare ba. Garin Maraɗi yana girma, kowace safiya amalanke na shiga da itace. Gonaki suna tsagewa wajen rabon gado, wanda kuma yake noman aro ba ya barin tsiro, don mai gona zai ce yana neman kafa hujja. A kudancin iyaka kuwa, a ƙasar Jibiya da Daura da Maigatari, mutanen ɗaya ne, harshen ɗaya, geron ɗaya. Akwai gonaki masu itatuwa, musamman a kewayen Kano inda ba a taɓa yar da al'adar ba, amma akwai da yawa da ake share su fes duk bazara, a tara tsiron kalgo da sabara a cinna wuta. Saiwoyin suna nan a ƙasa da ransu, baɗi ma za su sake fitowa.